Ragon da Na Bari a Ɗaure

Zamanin shugaban ƙasarmu na farko, na tara maƙwabta a shagon ɗinkin Baba Garba a unguwarmu ta Briqueterie, zan karanta musu labarina, ina hura hanci. Na ji an ce gwanin marubuci tun farko yake dasa alamar abin da zai faru. Sai na buɗe da baƙin rago ɗaure a ƙofar attajiri, yana kuka. Har kekunan ɗinki suka yi tsit. Na kai ƙarshe, ina jiran tafi.

Ɗanladi mai soya, wato tsire, ya ce, "Malam, ragon fa?"

Wallahi na manta da shi.

Yau furfura ta cika kaina, amma duk Babbar Sallah sai an aiko: "A gaida Malam, ya dubi Allah ya kwance dabbar nan."