Shatar Sarkin Ruwan Tamanrasat

Duk wanda ya ce Tamanrasat ba ta da manyan mutane, to bai taɓa tsayawa ƙofar shagon Alhaji Abdurrazak ba. Ga mutum har mutum. Ga tsayi, ga tumbi, ga murya irin wadda in ya ce a miƙo masa buta sai ka ɗauka sanarwa ake yi a rediyo. Barguna yake sayarwa da filas ɗin shayi da tabarau, amma wannan sana'ar rufin asiri ce kawai. Ainihin Alhaji mutumin teku ne.

Kada ka tambaye ni yadda ɗan Damagaram mazaunin tsakiyar hamadar Aljeriya ya zama mutumin teku. Ya taɓa zuwa Kwatano fitar da kaya, tun yana da baƙin gemu. Waɗanda suka yi tafiyar da shi sun ce ta tagar taksi ya hango ruwan, kuma da direba ya ce ko a matsa kusa, Alhaji ya ce shi kansa ke ciwo. Amma waɗannan mahassada ne, kowa ya sani. Tun daga wannan tafiya ba a ƙara fara hira a gabansa ta ƙare a tudu ba. In ana kukan tsadar sukari, sai ya gyara zama ya ce, "Mu mutanen teku mun san dalili." In akuyar wani ta ɓata, to akwai yadda mutanen teku ke ɗaure tasu. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa Sarkin Ruwa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka rubuta masa a saman ƙofar shago. Ruwan da ke ƙarƙashin mulkinsa a lokacin bai wuce na randar gidansa ba.

Ana nan sai Malam Sha'ibu, dattijon da ya daɗe yana shugabancin 'yan Nijar mazauna garin, ya ce gwiwa ta gaza, zai koma Tanut ya huta. Shugabancin nan ba albashi, ba buro, wato ofis. Shi dai ake tasowa in jandarma sun tsare wani, shi ke shiga gaba in an yi rasuwa, shi ake zaunarwa a kan darduma mai laushi ranar salla. Alhaji bai damu da zancen jandarma ko na rasuwa ba, amma dardumar nan ta shiga ransa har tuwo ya daina yi masa daɗi. Malam Sha'ibu ya ce ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, zai faɗi wanda dattawa suka yarda ya gaje shi.

Abin takaici, sunan da ake ta raɗawa shi ne na Mahamadu, wani mai tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, da ke kai yashi da bulo wuraren gini. Mutumin da ba shi da ko babbar rigar kirki. Abin da ya iya kawai shi ne in ya ga baƙo da ƙunshi a bakin hanya, ya taka birki ya ce hau. Tsakar gidansa kamar tasha, duk wanda ya sauko daga Agadas bai san kowa ba can yake kwana.

"Wanga ba shugabanci ba ne, dako ne," in ji Alhaji. "Shugaba shi ne wanda in an gan shi an san an ga abu."

Abin da za a gani ɗin kuwa tele, wato talabijin, ta riga ta nuna masa. Yana da farantin parabol a kan rufi, kuma a wata tasha ya ga yadda manyan duniya ke hutawa. Sukan ɗauki shatar wani jirgi da ake kira katamaran, kwalekwale biyu da aka haɗa da ƙarfe aka shimfiɗa raga a tsakani. Su sa gilashi a fuska da bututu a baki, su kifa a ruwa suna kallon kifi. In sun gaji su fito su miƙe a kan rairayi. Abin da ya fi burge Alhaji shi ne ba kowa a jirgin sai mai shi. Ba mai taka maka ƙafa, ba mai ɗora maka buhu a cinya.

Allah da ikonsa, akwai irin jirgin a Tamanrasat. Shekarun baya wani Bature ya ratso hamada yana janye da shi a bayan mota, wai zai kai shi Lome. Motar ta mutu a garejin Idrisa bakanike, Baturen ya hau jirgin sama ya ce zai dawo, bai dawo ba. Kajin Idrisa suka gaje jirgin, suna ƙwai a kwalekwalen dama, suna kwana a na hagu.

Alhaji ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da zobe, yana gyaɗa kai irin na wanda ya san kan abu. A wani akwati ya tarar da gilashin da bututun, har da takalman roba masu faɗi irin ƙafar agwagwa.

"Shata zan ɗauka, Idrisa. Yini guda. Ni kaɗai."

"To Alhaji, ruwan fa?"

"Kai bakanike ne, ƙananan abubuwa kake dubawa. Mi ake zuwa nema a bakin teku? Rairayi da rana. Akwai garin da ya fi mu su?"

Sai Idrisa ya shiga korar kaji.

Wurin da Sarkin Ruwa ya zaɓa shi ne tsakiyar busasshen korin da ya ratsa gefen gari. Kowa a Tamanrasat ya san halin korin nan. Yakan shekara a bushe, sai ranar da aka yi ruwa can kan duwatsu, ya taho da ambaliya alhali a gari ko ɗigo bai sauka ba. Lokacin kuwa ƙarshen zafi ne, hadari na haɗuwa a kan duwatsun kusan kullum. Da aka tuna wa Alhaji, dariya ya yi har tumbinsa na rawa. Ya ce in ma ruwa ya zo, ai wurin ubangidansa ya zo gaisuwa.

Ranar Alhamis da la'asar, ranar da ba a aikin gini, aka ja jirgi. Ba a samu wanda ya yarda ya ja ba sai Mahamadu, shi kuma da ya tashi sai ya kwaso dattawa da leburori da duk wanda ya ɗaga hannu a hanya. Aka sauke katamaran a kan rairayi, aka ɗaga dogon ƙyallensa da iska ke turawa. Aka kafa ganyen dabino guda biyu da aka kawo daga garin Abalessa don su tsaya a madadin itatuwan kwakwa. Aka girke rabin duro cike da ruwa. Ƙaton ragon da za a gasa wa baƙi aka ɗora shi kan raga aka ɗaure a gindin sandar jirgin, don kada rana ta rage masa kitse.

Sannan Alhaji ya sa aka kewaye wurin da igiya.

Malam Sha'ibu ya taho yana dogara sanda. Ya hango inuwar ƙyalle a kan ragar nan mai taushi, gwiwoyinsa suka yi murna. Ya ɗaga ƙafa zai ƙetare igiya ke nan, Alhaji ya tare shi da murmushi.

"Allah shi gafarta Malam, a yi haƙuri. Shata ce."

"Mi ce?"

"Shata. Firibe, in ji Faransa. Ka'idar teku ce, ba tawa ba. Wanda ya ɗauki shata shi kaɗai ke hawa. An shimfiɗa muku tabarma can bisa gaɓa, daga can ma an fi ganin komi."

Tsohon ya dubi ragon da ke kwance a inuwa yana tuƙa, ya dubi Alhaji. Sai ya juya.

Ka tuna da irin mutanen da aka faɗa wa wannan magana. Babu ɗaya daga cikinsu, har shi Alhajin, da bai shigo garin nan a saman kamiyo ba, gwiwarsa a bayan wani, kan wani a kafaɗarsa, ana miƙa jarkar ruwa daga baki zuwa baki. A wurinsu abin hawa ba ya cika, sai dai a ƙara matsawa. Suka hau gaɓa suka zauna cikin rana, shiru kamar gidan makoki. Alhaji ya ga shirun, zuciyarsa ta yi fari, ya ce lalle kwarjini ya kama su.

Ya tuɓe babbar riga, ya bar 'yar ciki da wando da hula. Ya zura takalman agwagwa, ya ja gilashi ya rufe ido da hanci, gemu na leƙowa ta ƙasa. Ya fuskanci jama'a.

"'Yan'uwa, ku buɗe ido. Jama'ar da shugabanta bai san ƙarƙashin ruwa ba, ta yaya za ya san abin da ke ƙarƙashin magana? Yanzu zan nutsa. Kada kowa shi tsorata. In na daɗe, aikina ne."

Da yake kallon kifi ake yi, kuma kifin Tamanrasat duk a gwangwani yake zuwa, Alhaji ya yi tanadi. Ya jefa gwangwanin sardin cikin duro, ya cusa bututu a baki, ya sunkuya ya tsoma kai har kunnuwa. Abin da ya rage a waje sai bayansa da ke kallon dattawa, da bututun da ke huci. Can ƙasa ya ga gwangwani kwance, hoton kifin jikinsa na kallonsa da ido ɗaya. Wallahi daɗi ya kama shi. Ya ji tausayin duk wanda zai mutu bai ga irin wannan ba.

Yana cikin wannan ni'ima, waɗanda ke gaɓa suka ji gurnani daga wajen duwatsu, kamar jerin manyan motoci. Suka miƙe gaba ɗaya.

"Alhaji! Ruwa! Kori ya taho!"

Kunnuwan Alhaji na cikin duro. Da ya ɗago don ya ba da labarin kifi, gilashin ya yi hazo, sai dishi-dishi ya hango mutane na tsalle suna kaɗa rawuna. Ya ce a ransa, to, sai yanzu suka gane. Ya ɗaga hannu biyu yana amsa gaisuwa, har da ɗan rusunawa.

Ruwan bai yi sallama ba. Ja ne, mai kauri kamar kunu, ɗauke da itace da tsofaffin tayoyi. Ya kwashe itatuwan kwakwa, ya kwashe igiya, ya kifar da duro. Katamaran da ya shekara da shekaru yana renon kaji ya ji ruwa a ƙarƙashinsa, ya yi wata girgiza, iska ta cika ƙyallensa. Alhaji ya yunƙura zai kama shi. To, takalmin agwagwa ba a gudu da shi. Ƙafar dama ta taka ta hagu, Sarkin Ruwa ya faɗi ruf da ciki a gaban talakawansa. Jirgi ya wuce salin-alin, rago a tsaye a kai yana kallon gaba kamar wanda ya saba.

A nan gaskiyar tagar taksi ta fito. Ruwan bai wuce ƙugu ba a inda yake, amma yana da ƙarfi, Alhaji kuwa ko a kwano bai taɓa iyo ba. Ya rungume wani kututturen ƙaya, tsoro ya cika shi, tsoro na gaske irin wanda ke sa mutum tuna sunan uwarsa. Yana ihu, amma ya manta bai cire bututu ba, sai wani kuka ke fita ta sama kamar na tsohuwar sarewa.

Mahamadu bai tsaya shawara ba. Aka kwance rawuna aka ƙulla su, ya ɗaura bakin a ƙugu ya faɗa ruwa, leburori suka riƙe ɗaya bakin, har dattawa suka kama. Aka jawo Alhaji kamar buhun siminti, hula ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi, gilashi ya koma kan kunne.

Magariba ta kawo jiki, kowa ya ɗare bayan kamiyo, mutum kan mutum. Alhaji ya tsaya a ƙasa yana ɗigar taɓo, yana kallon tayar mota don ya kasa kallon fuskar kowa. Malam Sha'ibu, da ya ƙi zama gaba ya hau baya tare da jama'a, ya tattara gwiwoyinsa masu ciwo, ya matsa, ya buɗe wani ɗan wuri.

"Hau, Alhaji. Tamu ba shata ba ce."

Ranar Juma'a aka shimfiɗa wa Mahamadu darduma mai laushi. Ya zauna a gefenta, ya jawo mutum biyu suka zauna tare da shi.

Jirgin kuwa washegarin ambaliyar makiyaya suka tsince shi can ƙasa da gari, ya sauka lafiya a kan wani farin rairayi. Ragon na kwance a inuwa, ya cinye kusan rabin ƙyallen. Aka dawo da ragon, amma aka rasa mai sa masa wuƙa, don mutane sun ce ba a yanka wanda ya yi irin wannan tafiya. Yana nan yana yawo a kasuwa, masu latas na ba shi ganye.

Alhaji ya koma shago, bai kuma goge rubutun saman ƙofa ba. Bayan 'yan makonni ma murya ta dawo. Sai dai yanzu duk lokacin da ya gyara zama ya ce, "Mu mutanen teku," sai ka ga mutane sun waiwaya cikin ladabi, suna neman inda ragon yake.