Yadda Manyan Garinmu Suka Koya wa Darlene Karatu

Jama'a, na sha caccakar manyan garinmu a wannan shafi, amma yau yabo na zo yi, ko da yake yatsun ƙafata har yanzu ba su yafe musu ba.

Wata safiyar Talata a watan Janairu, dusar ƙanƙara har gwiwa, na ɗauki maƙwabciyata Darlene Hutchins a tsohuwar motata zuwa ɗakin karatu na gari. A can ne Masu Girma Iyayen Gari suka yi alkawarin buɗe ajin kyauta ga masu shirin jarrabawar manyan makarantu. Da idona na ga bikin buɗewa: an raba kofi da donat, Mai Girma Sarkin Almakashi ya yanke jan ƙyalle da almakashi mai tsawon hannuna, aka sha hotuna. Amma ranar Talatar nan muka iske ƙofa a garƙame, an manna mata takarda mai sakin layi huɗu. Mu shida muka tsaya muna karantawa muna rawar ɗari. Wani ya ce an ɗage ajin ne, wata ta ce a'a, ƙara masa girma aka yi, tunda ga kalmar "faɗaɗa" har sau uku. Ni kuwa shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu gida-gida, sai ranar na gode wa Allah da bai ɗora mini karanta su ba.

Darlene shekarunta arba'in da shida, ashirin daga ciki ta yi su tana dafa wa 'yan firamare abincin rana, digirinta na kwance a akwati tun kafin aure. Shekara uku da suka wuce kotu ta kira ta cikin mutum goma sha biyun nan da ake zaɓowa daga gari su saurari shari'a. A nan ta ga lauyan da aka ba wani talaka yana gyangyaɗi, ana karanta laifin da zai ci wa mutumin shekara takwas. Ta dawo gida ta ce wa mijinta Wendell ko da ludayi a hannu za ta fi wancan tsayawa. Tun daga ranar ta ƙwallafa rai a kan makarantar koyon aikin lauya da ke babban birni, mil arba'in daga nan, wadda ke da ajin yamma. Gemu ba ya hana ilimi, balle furfura uku.

Sau biyu ta zauna jarrabawar shiga, sau biyu sashen fahimtar karatu yana kayar da ita. Makarantar ta ce ta ƙaro maki shida. Ita kuma ta yi wa Wendell alkawari in ta faɗi a zama na uku, cikin Afrilu, za ta rufe littattafan har abada.

Ga waɗanda Allah ya tsare da wannan jarrabawa, ga yadda take. A ba ka dogayen rubutu huɗu da minti talatin da biyar, a tambaye ka me marubuci yake nufi, a jera maka amsoshi biyar masu kama da juna kamar 'yan gida ɗaya. Matsalar Darlene ba rashin kai ba ce, yawan sanin duniya ne. A ɗaya daga takardun gwajinta wani masani ya rubuta cewa yara kan ci ganye da son ransu in an ba su zaɓi. Aka tambaya wace magana marubuci zai fi yarda da ita, ta zaɓi wadda ta ce yara kan zubar da shi.

"Otis, ni nake fitar da kwandon sharar makarantarmu kullum," ta ce mini. "Na san inda ganyen yake zuwa."

"Ai ba kwandon shara suka tambaye ki ba."

"To ƙarya suke so in zaɓa?"

Wendell, wanda ke shirin tafiya aikin yamma a masana'antar taya, ya leƙo ya ce, "Ba lauya kike son zama ba, uwargida? Ai gara ki fara sabawa."

Mu koma ƙofar ɗakin karatu. Darlene ta ɓalle takardar ta cusa a aljihu. Da muka isa gida ta saita agogon girkinta ta zauna da fensir. Kafin agogo ya yi ƙara ta buga tebur.

"Otis, ai wannan ita ce jarrabawar! Mutum ya rubuta abin da na san ba haka ba ne, kuma ba wanda ya tambaye ni ko gaskiya ne. Abin da ya ce kawai ake nema, da inda ya ɓoye shi."

"To me ya ce?"

"Babu aji. Ba a taɓa ɗaukar malami ba. Yana sakin layi na uku, bayan 'sai dai kuma'. Duk abin da ke gaban 'sai dai kuma' ado ne."

Abin nema ya samu. Ni da na san kowane allon sanarwa a garin nan sai na zama mai kawo mata darasi, kuma manyanmu, Allah ya ƙara musu tawada, ba su taɓa barinmu da ƙishirwa ba. Takardar ruwan famfo, takardar kwashe shara, rahoton kwamitin da aka kafa don binciko dalilin da kwamitin baya bai kawo rahoto ba. Ni nake tsara tambayoyin. Wata rana na tambaye ta, bisa ga marubuci, yaushe za a cike ramin titinmu, wanda ya cinye mini taya biyu.

"Tambayar tarko ce," ta ce ko ɗagowa ba ta yi ba. "Marubuci bai ce akwai rami ba. Cewa ya yi akwai damar inganta fuskar titi."

Wallahi sai da na tafa mata. Wanda ya iya tsamo ma'ana daga rubutun Mai Girma Uban Kwamiti, rubutun masana a kan tukwanen mutanen zamanin da ko rayuwar ƙudan zuma ai shan ruwa ne. Masanan nan ko ba komai suna da abin da suke son faɗa.

A watan Mayu sakamako ya fito. Shida aka nema, tara ta ƙaro. Takardar ɗauka ta biyo baya. Wendell ya shige gareji ya daɗe, ya fito ido ja wur yana cewa warin fetur ne. Ni ma na ji daɗin da rabona da irinsa tun ranar da na ajiye jakar wasiƙu. Ga shi nan na faɗa a fili: abin da aji bai yi ba, takardar soke ajin ta yi. Wace ƙasa ce za ta nuna manya masu hangen nesa irin namu?

Makon jiya muna tashar bas, ni da ita da wasu maƙwabta, sai ga sabuwar sanarwa mai launi, an rubuta "Albishir ga Matafiya" da manyan baƙaƙe, har da hoton wata tsohuwa tana murmushi. An ce za a haɗe hanyoyi, a daidaita lokuta, a sauƙaƙa wa jama'a. Muka yi ta sa albarka. Darlene ta karanta cikin minti biyu, sai ta nemi benci ta zauna.

"Sun soke bas ɗin yamma na birni," ta ce. "Daga ɗaya ga Agusta, na ƙarshe zai baro can ƙarfe biyar. Ajina ƙarfe shida yake farawa."

Motarsu ɗaya ce, kuma da ita Wendell ke zuwa aiki a daidai wannan lokaci. Tawa in ta yi mil goma sai ta nemi a yi mata addu'a, likita kuma ya hana ni tuƙi bayan faɗuwar rana. Abin ya yi mini ciwo.

Ranar Litinin ta je taron gari, inda ake ba kowane talaka minti uku ya faɗi damuwarsa kafin ƙararrawa ta katse shi. Ta tsaya da takardar a hannu, ta warware musu ita layi-layi, ta nuna inda aka binne maganar, ta gama da sauran daƙiƙa goma. Mai Girma Uban Kwamiti ya gyara tabarau, ya yi murmushin nan na uba, ya gode mata da kishin gari.

"Sai dai kuma, Madam," ya ce, "ina jin ba ki fahimci takardar ba."

Yanzu haka tana buga waya gida-gida tana neman mai zuwa birni da yamma, sau uku a mako, har shekara huɗu. Sauranmu kuwa muna nan muna murna da albishir. An ce rashin sani ya fi dare duhu. Gaskiya ne, amma na lura a garin nan mu da ke cikin duhun ne kaɗai muke samun barci.