Teburin da na ɗauka nawa ne

Ko na tsufa na zubar da haƙora ba zan manta da wata ranar Alhamis a unguwar Bani Malik ta Jidda ba. Lokacin 'yata Ummi tana da wata goma, muna zaune a ɗaki ɗaya a saman bene, iƙamarmu kuma, wato takardar izinin zama a ƙasar, saura sati biyu ta ƙare. Kullum gabana a faɗe yake. Ko tukunya ce ta faɗi sai in ce an zo kama mu.

Baban Ummi kafinta ne a wurin kafilinmu, wato ubangidan da ya tsaya mana, wani dattijo da ake kira Abu Salim. Na daɗe ina roƙonsa ya yi mini ɗan tebur in riƙa sayar da turare, irin wanda ake naɗewa a ruga idan motar baladiyya, masu kama 'yan talla, ta ɓullo. Kullum amsarsa "insha Allah". Sai ga shi wani sati ya fara dawowa da katako, yana ƙwanƙwasawa bayan la'asar. Ina leƙe ta taga. Tebur ne mai naɗewa kamar akwati, da mariƙi, da 'yar durowa, ga wani faifan katako da ya jera wa ƙananan ramuka layi-layi. Na ce a raina, Allah sarki, bawan Allah, ashe ba-zata yake shirya mini! (Tambayarsa fa? Ina! Kada in ɓata masa shiri.)

Ranar Alhamis yana fita na ɗauko kwalaben turarena 'yan mitsi-mitsi na gwada. Wallahi kowace ta zauna a raminta ɗaram. Na goya Ummi, na ɗauki tebur, na kira maƙwabciyata Hajiya Ta-Makka, wadda a nan Jidda aka haife ta, muka je kusa da masallaci na baje.

"Masha Allah, ya binti!" in ji Hajiya. "Naki mijin kafinta, nawa mijin sai munshari."

Ni kuwa sai fankama nake. Wata mata ta sayi kwalba biyu ta ce in sa mata a leda. Na tuna ban taɓa buɗe durowar nan ba, na ce ƙila har leda ya zuba mini. Na fizgo ta da ƙarfi ta fito gaba ɗaya. Sai ji na yi ƙililin! Wasu 'yan ƙarafa ruwan zinariya sun watse a ƙasa. Ummi da ke zaune kan tabarma ta rarumi ɗaya za ta kai baki.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ke! Harsashi ne!"

Na ɗaga kai, ga motar askar, 'yan sandan ƙasar, a bakin titi, mutum biyu a ciki suna shan shayi. Na ga jirgi, na ga Kano, na ga Baban Ummi da ankwa. Ban san lokacin da na ƙwace na hannun Ummi ba, na share sauran da ƙafa, na baza abaya na zauna a kansu kamar kaza a kan ƙwai. Mai ledar ta gudu. Ƙarfe ya sha rana, ni ma na sha ƙarfe, amma ko motsi. Hajiya na ta karanto duk addu'ar da ta iya, har da ta shiga kasuwa.

Muna nan wata farar mota ta tsaya. Baban Ummi ya fito, gumi har wuya, Abu Salim na biye da shi.

"Maman Ummi, me ya kawo teburin mutane nan?"

"Na mutane?"

Abu Salim ya duba durowa ya ga wayam. Ya dube ni. Hajiya ta raɗa masa wani abu da Larabci tana nuna ƙarƙashina da baki.

"Yalla, tashi, 'yata," ya ce.

Na girgiza kai ina nuna askar da ido. Sai da Baban Ummi ya ce, "Don Allah ki tashi, kwanso ne, ba komai a ciki!" Sannan na miƙe. Ɗaya ya maƙale a abayata, sai da na yi taku biyu ya faɗo, ƙilin, a gaban kowa.

Dattijon nan ya yi dariya har ya riƙe mota. Ashe maharbin tsuntsaye ne, da takardar izininsa, shi yake sake cika harsashinsa da kansa, teburin kuma gonarsa zai riƙa tafiya da shi. Kwanson ya bayar ne don a auna ramuka. Ya sunsuna katakon ya ce tun da yake bai taɓa ganin kayan farauta mai ƙamshin amarya ba. Askar ɗin ma ko waiwayowa ba su yi ba.

Ni dai bakina ya kasa rufuwa, na ce, "To, iƙama fa?"

"Khalas, an gama, tun jiya na sa hannu a sabunta ta," in ji Abu Salim. "Kai kuma yi mata nata teburin, kafin ta zauna mini a kan bindiga."

An yi mini nawa, ba durowa. Tun daga ranar, ko cokali Baban Ummi ya shigo da shi sai na tambaya na wa ne. Hajiya kuwa har ta rasu, in ta gan ni zaune shiru sai ta ce, "Ya binti, yau kuma me kike ƙyanƙyasa?"