Rasuwar Kolon, 'Yar Mita Talatin

Da zuciya cike da baƙin ciki, ko da yake ban taɓa rubuta abin da jama'a za su karanta ba, ni Kulu Jika ta labon gwajin ruwa a Madawa nake sanar da rasuwar Kolon, siririn bututun gilashin nan mai mita talatin, nannaɗe kamar warwaro, wadda ke rarrabe abin da ke cikin ɗigon ruwa har na'ura ta faɗi sunan kowace guba. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara biyu.

Marigayiya ba ta da fitina. A yanke bakinta sumul, a ɗaure ta a hankali, kada a hura mata wuta sai iskar heliyom na bi ta cikinta, shi ke nan. Ni na ɗaura ta da hannuna, ko numfashi ban yi ba. Duk maganarta a duniya "tsss" ce, in mahaɗa ta yi sako-sako.

Ciwon ajali ya zo tare da sabon shef, wato shugaban labo, Mushe Barmo, mai biro huɗu a aljihu. Ya datse bakinta da almakashin tela. Ya matse ta kamar mai ɗaure tayar babbar motar kamiyo. Sannan, wai tattali, ya rufe tukunyar heliyom yadda ake rufe gas in tuwo ya nuna, ya bar tandar da take ciki a digiri ɗari uku, ya tafi cin kilishi. Ina tsaye. Na buɗe baki, na ji tsoro, na rufe. Wannan ma a sani.

Ta bar na'ura marainiya, tana zana layuka kamar duwatsun Keita a takarda maimakon sakamako. Ta bar kwalba goma sha biyu na ruwan rijiyar Allakaye, wadda anka fesa maganin fara dab da ita. Sati uku ke nan mutanen garin, har da innata, na kora jakuna rijiyar wani gari, suna jiran mu ce su sha tasu ko kar su sha. Sabuwar kolon sai nan da wata huɗu.

Za a yi jana'iza gobe bayan azahar, a bayan labo, cikin kwalin biskit. Ba za a raba ruwa ba. Masu gaisuwa su wuce ofishin shef, wanda ya riga ya rubuta wa manyanmu na Yamai cewa zafin ƙasarmu ne ya kashe ta. Kwafin wannan sanarwa ma ya bi motar Yamai da safe, da sunana a ƙasa.