Gaisuwar da Ta Ƙi Ƙarewa

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a Gumel ba, ranar da aka sa ni koya wa ƙananan likitoci yadda ake tsayuwa a gaban gadon tiyata ba tare da mutum ya kassara bayansa ba. Ni fa, da na shekara goma sha biyu ina sunkuye a kan majinyata kamar mai cirar ciyawa, ƙuguna kullum yana ƙara. (Ba wanda ya sani. Da shugaban asibiti ya ji, ofis zai zaunar da ni in yi ta sa hannu a takardu, ni kuwa gara zazzaɓi da a raba ni da tiyata.)

Na shigo da babbar riga ta sha sitaci, na cika baki. "Ku ɗago gadon ya zo daidai gwiwar hannunku. Ban da sunkuyo, ban da karkata wuya. In aiki ya yi tsawo ku ɗan miƙe, ku motsa kafaɗu. Ku dube ni, kun taɓa jin na ce wayyo?" Suna ta rubutawa, bayin Allah.

Ina cikin wannan kurin sai ga Baba Sale ya leƙo, tsohon nas ɗin da ya fara koya mini riƙon almakashi. Daga garin Sule Tankarkar ya zo a duba masa ido, ya ji ina nan. To, mu nan ba a gaida irinsa a tsaye. Na zube da sauri, don ɗalibai su ga ladabi.

Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.

Muka gaisa, gida, iyali, gajiya. Ya ce, "Tashi, ɗana, Allah ya yi albarka." Na yunƙura, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Sai na sako sabuwar gaisuwa: "Baba, ya maƙwabtanku mutanen Ɗanzomo?" Ya amsa. "Ya geron bana?" Ya amsa. Na tambayi awaki, na tambayi rijiya, har lafiyar babur ɗin da ya kawo shi. Zufa sai karyo mini take yi. Tsoho kuwa har da ƙwalla, ya juya ga ɗalibai ya ce, "Kun ga tarbiyya? Babban likita guda, ya ƙi tashi."

Wata ɗaliba, Dakta Hauwa, ita ta gano ni. Ta matso ta rage murya: "Yallaɓai, ladabin ne har yanzu, ko mu turo keken marasa lafiya?"

Na ce, "Keken." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin azahar labari ya kai wa shugaba. Wata uku cur na yi a ofis, ana gasa mini baya safe da yamma. Abin haushin, tun daga ranar ba ɗalibin da ya ƙara sunkuyawa a tiyata, kuma na san ba laccata ce ta yi wannan aikin ba.

Yanzu dai na gane: kafin ka koya wa mutane gyaran baya, je a duba naka. In ba za ka je ba, to aƙalla ka kulle ƙofar aji.