Ranar da Kyamara Ta Ce Barci Nake

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban direbobin kamfaninmu ina rantsuwa cewa kuka nake yi ba.

Ni direban tirela ne. Ban yi boko ba, a kan titi na girma. A garejinmu na Idu, Baba Ƙarfe ake ce mini, don ba wanda ya taɓa ganin haƙorana. An taɓa tare ni a daji aka fasa mini kai, washegari na ɗauki kaya.

Motar da na fi daɗewa da ita sunanta Laraba (ranar da aka ba ni makullinta ke nan). Ba ta da na'urar sanyi, sitiyarinta kuwa sai ka ci tuwo ka ƙoshi. Amma in za ta lalace, tun daga nesa take gaya mini da ƙararta. In mun zo hawa sai in dafa ta in ce, "Daure, uwar ɗakina," ta kuwa daure. A wancan zamani, in ka bar gareji, daga kai sai motarka sai Allah.

Sai kamfani ya sayar da tsofaffin motoci ya kawo sababbi. Kowacce da kyamara a saman gilashi tana kallon fuskar direba. Idonka ya rufe ko kanka ya sunkuya, sai ta yi ƙara, ta tura hotonka ofis. Doka ɗaya ce: wanda aka kama yana gyangyaɗi a kan sitiyari, ya ajiye makulli. (Har cewa suke nan gaba mota ce za ta tuƙa kanta. Allah ya kai mu, mu ga mai canza mata taya a hanyar Lokoja.)

Wata rana da hantsi na ɗauko siminti, na biyo ta Dei-Dei wajen 'yan gwangwan, cunkoso ya riƙe mu. Ina waigawa sai ga kan Laraba a ƙasa, ba taya, ba gilashi, wani yana yanka ƙofarta da wuta. Na gane ta da lotsawar da na yi mata a Jebba. Na kifa goshina a kan sitiyari. Kyamara ta yi ta ihu, ban kula ta ba.

Ran Litinin aka tara direbobi. Madam Rahila, mai lura da kyamarorin, ta haska fuskata a bango, ƙatuwa, ido a rufe, goshi a kan sitiyari.

"Baba, kai ne babba a nan," in ji ta, "amma dokar ba ta ware kowa ba. Ka yi barci ko ba ka yi ba?"

"Ban yi ba."

"To me kake yi?"

Ga yara a makaranta, ga sunan da na sha wuya kafin in samu. Wallahi sai da na yi tunanin in ce barcin ne, a kore ni da mutuncina.

"Kuka," na ce.

"Ba mu ji ba, Baba Ƙarfe!" Ɗanjuma ke nan daga baya, tsohon abokin aikina mai bakin tsiya.

"Na ce kuka nake, wallahi!"

Madam ba ta yarda ba, sai ta kunna sauti. Muryata ta cika ɗakin tana rawa: "Laraba, haka suka yi miki? Ki yafe ni, Laraba."

Madam ta dafa ƙirji. "Ayya, sannu Baba. Matarka ce? Yaushe ta rasu?"

Ɗanjuma ya ce, "Madam, ai mai taya goma sha takwas ce."

Aka fashe da dariya, har da masu faɗowa daga kujera.

Ba a kore ni ba. Amma Baba Ƙarfe a ɗakin nan aka binne shi. Yanzu Angon Laraba nake, har a bakin masu gadi. Da aka watse, Ɗanjuma ya same ni a bayan mota, ya duba hagu da dama, ya ce a hankali, "Tawa ma tana wurin?" Na ce ya je ya duba da kansa, amma a ƙafa.

Abin da na koya ke nan. Motar da, kai ke sauraronta, kuma tana rufa maka asiri. Ta yanzu ita ke sauraronka, ta kai ƙararka ofis. In kuka ya taso mini, fakin nake yi, in sauka, in zagaya bayan taya.