Rundunar Janar Maliki

"Ku ba ni kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ware wa soja," in ji Maliki, yana dukan ƙirji har hularsa ta karkace. "In ban tsare ƙasar nan ba, ku sauya mini suna. Har canji sai na mayar wa gwamnati."

Kar ka ɗauka soja ne ke magana. Maliki tsohon mai kula da sito ne a wata ma'aikata a Doka, shekara talatin yana gadin tsintsiya da karyayyun kujeru. Iyakar kusancinsa da soja shi ne jin busar bigila daga bariki, yana kwance a gadonsa a Kurmin Mashi. Amma da zarar an karanta kasafin kuɗi a rediyo, sai ya ɗare bencin ƙofar shagon Ya'u tela ya hana kowa sakat: kuɗi jibgi, aiki kaɗan, manya sun ƙarar da komai a kaki da yawo. Tun ana ce masa Janar don tsokana, har ya daina amsa sallamar da ba a haɗa da sunan ba.

To, layinsu rijiyar burtsatse ɗaya gare su, mai aiki da hasken rana, ita ke shayar da kowane gida. Sai labari ya zo cewa ɓarayi sun kwance farantan solar layin baya. Hankalin mata ya tashi, don sun san wahalar ruwa kafin a haƙa ta. Aka yi karo-karo, Alhaji Idi dattijon layi ya damƙa wa Maliki kuɗin a gaban jama'a, ya ce to Janar, ga fili, a tsare mana ruwa.

Aminu mai walda ya ba da shawarar a yi wa farantan kejin ƙarfe, a ɗauki maigadi ɗaya, magana ta ƙare. Maliki ya yi masa kallon tausayi, ya ce wannan tunanin farar hula ne.

Abu na farko da ya saya shi ne yadin kaki. Ya'u ya ɗinka masa riga, ya jera mata taurari tun daga kafaɗa har suka gangaro gwiwar hannu, don Maliki ya ce kada ɓarawo ya yi shakkar muƙami. Sai ya ɗebi magidanta shida marasa aikin yi, ya sai musu takalman but irin na soja duk lamba arba'in da biyar, wai sari ya fi araha. Rundunar na tafe kamar agwagi sun shiga taɓo. Ya sa aka rubuta ƙaton allo, Hedikwatar Tsaro, aka kafa a ƙofar gidansa. Ya yanko hatimi. Daga nan ya kwashi dakarunsa zuwa Katabu rangadin ƙaro ilimi, suka wuni a gaban mai tsire, suka dawo da rahoton cewa mutanen Katabu na da kirki.

Abin da ya rage aka zuba a shingen ƙarfe a bakin layi, mai nauyin da sai ƙarti uku ke ɗaga shi. Ɗaya bakin layin kuwa wayam, ko igiya babu. Da matarsa Turai ta tambaye shi ko ɓarayin sun yi alkawarin shigowa ta gaba ne, sai ya ce wancan ɓangaren yana mataki na biyu, an riga an nemi ƙarin kasafi.

Ranar wata Asabar da hantsi ana tsakiyar fareti, takalma na fita daga ƙafa suna riga masu su gaba, sai ga wata a-kori-kura ta tsaya a shinge. Mutum biyu suka fito, tsaf-tsaf da su, suka ƙame suka sara wa Maliki. Wayyo, tun da aka haife shi ba a taɓa sara masa ba tare da dariya ba! Daɗi ya kusa kashe shi. Suka miƙa masa takarda: Zuwa ga Mai Girma Babban Kwamanda. Wata ƙungiyar agaji ce, in ji takardar, ta ji labarin bajintarsa, za ta karɓi tsofaffin farantai ta kawo manya sababbi kafin la'asar.

Harira mai ƙosai, tsohuwar da ke suya a gindin tankin burtsatsen, ta yafito shi ta raɗa masa cewa motar ba ta da lamba, gaba da baya.

"Iya, ke ƙosai kika sani," in ji shi. "Hatimi biyu ne a takardar nan. Shekara talatin ina aikin gwamnati, ban taɓa ganin ɓarawo da hatimi biyu ba."

Ya buga nasa ya zama uku, ya sa hannu. Baƙin ba su ko zo da sifana ba, sai da Maliki ya aika aka aro a wajen Aminu. Dakarun Janar ne suka hau, suka kwance, suka jera a mota, Turai ma sai da aka karɓo bargonta aka shimfiɗa kada kaya su karce. Ƙarti uku suka ɗaga shinge, Janar ya ƙame yana sara wa motar har ta sha kwana.

La'asar ta yi, ta wuce. Washegari tanki ya ƙafe ƙaf. Mata suka yi wa Hedikwatar Tsaro tsinke da bokitai, ransu a ɓace, don wasu ko na alwala ba su da shi. Maliki ya fito cikin kakinsa ya karanta musu rahoto: a zamanin shugabancinsa ba a yi sata ko ɗaya ba, an miƙa kaya ne bisa ƙa'ida, kuma abin da ya faru ya ƙara nuna buƙatar ninka kasafi.

Alhaji Idi ne ya hana mata su kwantar da Maliki da bokiti. Aka yanke cewa har sai an sake sayen sola, Janar da kansa zai riƙa turo kurar ruwa daga tsallaken titi. Ya ce ya amince, amma da kakinsa zai je, don kwamanda ba ya tuɓe riga a filin daga.

A sawu na uku, ya jiƙe sharkaf da gumi, kura ta maƙale a kwalbati, mata na biye da shi da bokitai, sai ga motar sojoji na gaske. Wani kofur ya diro, ya bi taurarin da ido daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, ya tambaye shi wace bataliya. Maliki ya ce ta layin burtsatse. Kofur ya ce Baba, a tuɓe. Nan aka bar Janar da singileti mai huji, riƙe da kunnuwa, yana tsallen kwaɗo a gefen titi, yana rantsuwa shi mai sito ne, wallahi ko bindigar roba bai taɓa riƙewa ba. Sojoji biyu kuwa suka ciccibi kurar daga kwalbati, suka tura wa mata har bakin layi.

Harira ta cika bokitinta, ta ɗora a ka, ta tsaya ta ƙare wa Maliki kallo, sannan ta juya wajen Turai.

"Ni dai a ƙara wa yaran nan kasafi. Zuwansu ɗaya sun kawo mana ruwa, sun kuma kama wanda ya kwashe mana sola."